HAƘƘIN BAZAWARA DA MARAYA: SHARI'A TA BAYAR, WA YA ƘWACE?

Daga Akawunmu na Tambuwal

Jama'a, a makon nan ina so mu ajiye maganar taki da ta haraji, mu leƙa cikin gida, gama akwai wani zalunci da ba hukuma ce take yi mana ba, mu ne muke yi wa junanmu.

Kwanan baya wata mata mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta zo ofishinmu daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe, tana so in rubuta mata takarda. Mijinta ya sake ta, dangin mijin kuwa sun riƙe 'ya'yanta biyu, namiji ɗan shekara huɗu da mace wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Na ɗauki alƙalami na ce, "Yaya, ƙara za mu rubuta?" Ta ce, "A'a, Malam, ni na san 'ya'ya na uba ne. Roƙo za ka rubuta mini, a bar ni in riƙa ganinsu ko da ranar kasuwa ce." Na ce, "Wa ya gaya miki shi ke da riƙonsu?" Ta ce, "Haka muka taras."

To, jama'a, ku duba. Baiwar Allah ta biya kuɗin mota ta zo roƙon ɗan gutsure daga cikin abin da shari'a ta ba ta gaba ɗaya. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Na san akwai masu cewa, ai wannan ɗan boko ne, makarantar mishan ya yi, zai kawo mana dokar Turawa. Ku kwantar da hankalinku. Duk abin da zan faɗa a nan yana cikin Risala da Muhtasar da Tuhfa, watau littattafan Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da su, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamanmu kullum. Wanda ya yi shakka ya ɗauki jaridar nan ya kai wa limamin unguwarsu, a karanta masa, a ji ko zai ƙaryata.

RIƘON 'YA'YA

A mazhabar Imamu Malik, idan aure ya mutu, uwa ita ke da riƙon 'ya'ya. Ɗa namiji yana wurinta har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Ba a ce har a yaye ba, ba a kuma ce har shekara bakwai ba. Sharaɗin kawai uwar ta kasance mai hankali da amana, tana kuma da inda za ta tsare yaron.

Idan ta yi wani aure fa? A nan ne maza suke tafa hannu su ce shi ke nan, ɗa ya dawo gida. Ba haka ba ne. Idan uwa ta auri bare ta tare, riƙo yana komawa ga uwarta, watau kakar yaron ta wajen uwa, sa'an nan ga 'yar'uwar uwa. Uba yana can baya a layi.

Amma fa uba bai huta ba. Ci da sha da sutura na yaron suna wuyansa duk inda yaron yake, gwargwadon ƙarfinsa. Shi ne kuma waliyyi, shi ke duba karatu da tarbiyya, shi ke ba da auren 'yarsa, ba kuwa mai hana shi ganin 'ya'yansa. Ashe shari'a ba ta raba uba da ɗansa ba, ta dai raba aiki ne: uwa ta rena, uba ya ciyar. Mu kuwa sai muka juya abin. Uba ya ƙwace yaro don kada ya biya kuɗin abinci, ya kai shi hannun kishiyar uwa, yaro yana ƙazwa yana kuka da dare, in ya ɗan tasa a ɗora masa talla ko a tura shi bara.

Wani gargaɗi ga mata. Idan mace ce take neman rabuwa ta hanyar hul'i, watau ta fanshi kanta, ana iya sa mata sharaɗin ta bar riƙon 'ya'ya, in kuwa ta yarda maganar tana iya zama. Saboda haka kada zafin rai ya sa ki dangwala hannu a kan takardar da ba a karanta miki ba. Ki kuma sani, idan kin kawo shaidu cewa miji yana cutar da ke, ko da duka ko da rashin ciyarwa, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da kin mayar da ko kwabo na sadaki ba.

SAKI DA IDDA

Abin da muka saba gani shi ne, mutum ya fusata da dare, ya yagi takarda ya rubuta saki, kafin gari ya waye mace ta kama hanyar gidansu da ƙullin kayanta. Alhali kuwa ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da ita daga ɗakinta. A saki na ɗaya da na biyu, a gidan miji za ta yi idda, tsarki uku, shi ke ciyar da ita. Mai ciki kuwa sai ta haihu.

Ga inda maganar ta haɗu da gado. Idan miji ya mutu tana cikin wannan idda ta sakin kome, matarsa ce, tana da gadonta cif. Har wa yau Malikiyya ta toshe wata ƙofa ta masu wayo: mutumin da ya saki matarsa yana kwance cikin ciwon da ya zama ajalinsa, to, matar nan tana gadonsa, ko da iddarta ta ƙare kafin ya cika. Sau nawa muka ji an kewaye majinyaci ana zuga shi ya saki amarya don kada ta shiga rabo? Aikin banza suka yi, in dai matar ta san haƙƙinta.

To, yaya za a san ko tana cikin idda ko ta fita, ko saki ɗaya ne ko uku, in takardar ba ta da kwanan wata, ba ta da shaida, ko kuma ma da baki aka yi? Nan ne ake samun rantsuwar ƙarya.

Akwai kuma matan da ba su san matsayinsu ba sam. Miji ya tafi cin rani Kudu shekara da shekaru ba labari, ko kuwa 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukanmu sun tafi da shi, ba a ga gawa ba, ba a ji murya ba. Irin wannan mata ba a bar ta rataye ba. Ta kai magana gaban alƙali. In akwai dukiyar mijin da ake ciyar da ita, bayan bincike za a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta yi aure in ta so. In kuwa ba abin da take ci, tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekarun nan ba. Amma ku lura, daga ranar da aka kai ƙara ake fara ƙirga, ba daga ranar da ya ɓata ba. Zaman jiran tsammani a ɗaki asarar lokaci ne.

RABON GADO

Kafin a raba komai, sai a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Sauran sadakin da miji bai cika ba bashi ne, sai an biya matar kafin rabo. Kayan ɗakinta da awakinta da jarin sana'arta nata ne, ba sa shiga kayan mamaci.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce mutum ya mutu ba uwa ba uba, bayan an biya bashi ya rage naira 1,600,000, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matan suna da tumuni, watau 200,000, kowacce 100,000. Saura 1,400,000 a kasa bakwai: kowane namiji 400,000, kowace mace 200,000. Wa ko ƙanen mamaci ba shi da ko sisi, gama ɗa namiji ya tare shi.

A ce kuma wani ya bar naira 2,400,000, da mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da ƙane shaƙiƙi. Matar tana da 300,000, 'ya'yan nan biyu suna da kashi biyu cikin uku, watau 1,600,000, ƙanen ya ɗauki 500,000 da ya rage. Amma a ƙauyukanmu me ake yi? Sai ƙanen nan ya ce ai wansa bai bar magaji ba, ya hau gona da fadama da shanun huɗa, ya ba yaran ɗan abin sayen zane.

Babbar ƙaryar da ake fakewa da ita ita ce wai mace ba ta gadon gona, don kada gona ta bi ta gidan miji. Ayoyin gado suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ba inda aka ware gona ko gida aka ce na maza ne kaɗai. In ana tsoron tsaga gona, a yi mata kuɗi da farashin yau, a biya mace rabonta a hannu gaban shaidu. Wata dabarar kuma ita ce a ce a bar gandu a haɗe har yara su girma. Shekara ashirin babban wa yana ci, shaidu sun mutu, iyaka ta ɓace, marayu sun girma sun tarar da ƙura.

Kakanni kuma ku ji. Jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya gado muddin akwai baffa namiji da rai. A Masar tun 1946 suka yi doka ta tilasta a ba irin waɗannan jikoki wasiyya. Mu ba mu da wannan doka, amma ƙofar sulusi a buɗe take. Ka rubuta musu wasiyya tun kana da lafiya, ko ka yi musu kyauta ka damƙa musu a hannu.

BA BAƘON ABU BA NE

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa cin dukiyar mamaci cikin laifuffukan sarakunan da ya yaƙa, a cikin Nurul Albabi kuma ya zargi masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye ƙauye suna koya wa mata addininsu. Garin nan namu na Tambuwal kuwa ɗansa Buhari ne ya zauna shi. Abin kunya ne a ce a ƙasar nan mace tana roƙon a bar ta ta ga ɗanta.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ba su taɓa shari'ar aure da gado ba. A zamanin En'e alƙali yana ƙarƙashin sarki, ana kuma cire ushira daga dukiyar mamaci, shi ya sa talaka ya koyi ɓoye gado da gudun kotu. A 1968 aka raba kotuna da sarakuna, a 2000 Jihar Sakkwato ta kafa kotunan Shari'a, a 2021 kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan dokar kare yara. Tsarin mulki na 1999, sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba maganar aure da riƙon yara da wasiyya da gado. Watau hukuncin alƙalin farko ba shi ne ƙarshe ba. In ba ka gamsu ba akwai babbar kotu, akwai ta Sakkwato, har sama. Sai dai ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, mai jinkiri ya yi wa kansa.

Doka dai ga ta nan jibge. Abin da ya rage shi ne ta iso Kuchi da Sanyinna da Dogon Daji, ta shiga kunnen mai dakau da mai tallan fura.

ABIN YI

Ga mahukunta muna kira da abu uku. A manna kuɗin shigar da ƙara a ƙofar kowace kotu, da boko da ajami, a kuma ba da rasit ga kowane kwabo. A buɗe littafin rajistar saki, a rubuta rana da adadi da inda yara za su zauna da abin da uba zai riƙa bayarwa. In alƙali ya yanka kuɗin ciyarwa, a sa ido a ga an biya, kada a bar mace tana safa da marwa har kuɗin mota ya cinye abin da za ta karɓa.

Ku kuma 'yan kasuwa, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ku rubuta wanda kuke bi da wanda yake binku, da jarin da kuka haɗa da abokin ciniki, da adashin da kuke zubi, da ajiyar da matanku suka ba ku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamai masu wa'azi a kasuwa, ku ware ko da rana ɗaya a wata ku yi wa mata babin idda da riƙo da gado.

Ita kuwa baiwar Allah nan, ban rubuta mata roƙo ba. Na aika ta wurin wani malami ya karanta mata babin da bakinsa, ta koma ta dawo da wanta, muka rubuta ƙara. Maganar tana gaban alƙali, ba kuwa zan riga shi hukunci ba. Amma ta shiga kotu tana sane da cewa abinta ta zo nema.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata. Allah ya kiyashe mu da cin dukiyar maraya, amin.