Rangadi A Kan Keke

Kafin a rushe En'e a 1976, malamin gona kan ɗaure shimfiɗarsa a bayan keke, ya fita rangadi, ya kwana ƙauye. Yau mota ta raba ma'aikaci da manomi.

Muna kira ga akawuna da malaman makaranta na Katsina su raya wannan al'ada. A fita ta Ƙofar Durɓi da sassafe, a ratsa gonakin gero har madatsar Ajiwa, wadda ke shayar da birni. Mai keke yakan tsaya ya gai da manomi, ya ji kukansa na taki da ruwa. Lissafin wanda bai taka gona ba zato ne, kuma a kan talaka kuskurensa ke ƙarewa. Gani ya kori ji.