In jam'iyyu sun dawo, a bar mu mu tsayar da namu

Tun da hukumomin soja suka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, babu mai kawo mana atamfa mai hoton ɗan takara a kasuwar Arlit. Amma siyasa za ta dawo, shi ya sa muke magana tun yanzu.

Ku tuna zaɓen ƴan majalisa na 27 ga Disamba 2020. Jerin sunaye aka miƙo mana na jihar Agadas baki ɗaya, shugabannin jam'iyya ne suka tsara wa ke sama, wa ke ƙasa. Wanda ya san daga Yamai kujerarsa ta fito, ai can zai riƙa kai gaisuwa.

Wata uku bayan nan kamfanin Cominak ya rufe a Akokan. Ma'aikata suka watse, ciniki ya faɗi, mai tuwo da mai shago suka zauna da littafin bashi. Hanyar Tawa kuwa, ku tambayi direbobi. Wa muka iya tarewa mu tuhuma?

Mata da ƴan kasuwa, ku ne kuke cika filin taro. Duk jam'iyyar da ta zo, ta tara ƴaƴanta nan Arlit su fid da ɗan takara da kansu, kafin ta nemi ƙuri'armu.