Kafin a Kwance Injin Babur ɗin Ƙanƙara

A shekarar 1959 ne kamfanin Joseph-Armand Bombardier na garin Valcourt, a ƙasar Kanada, ya fara sayar da Ski-Doo, wato babur mai tafiya a kan dusar ƙanƙara. Har yau akwai masu lallaɓa tsofaffinsu. Galibinsu inji mai bugu biyu ne gare su, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janaretan da ɗalibai suka saba gani a unguwa.

Idan irin wannan inji ya ƙi tashi, mai gaggawa yakan ruga sayen sababbin kayan gyara. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Abu uku inji yake bukata: tartsatsin wuta, fetur da iska daidai gwargwado, da matsi a cikin silinda. Kamata ya yi a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malami ke koyarwa a ɗakin gwaji.

Fulogi ne shaida na farko. In bakinsa ya yi baƙi ya jiƙe, fetur ya yi yawa. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, kuma nan haɗarin yake: da yake baƙin mai tare da fetur yake shiga, ƙarancinsu kan sa fistan ya yi zafi har ya liƙe. Sau da yawa robar da ke toshe gefen kiranshaf ce ta tsufa, iska ke kutsawa ta nan. Sanyi ma yana da hannu, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka kafiretar da aka saita a ranar ɗumi takan gaza ba da isasshen fetur idan sanyi ya tsananta.