Wa Ya Isa Ya Kori Biyar Daga Tsakiya?

A wajen muhawarar ƙungiyarmu ta makon jiya, wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce wai lissafi ƙagaggen abu ne kamar dara: mutane ne suka zauna suka tsara dokokinsa, da sun ga dama da sun tsara wasu. Aka yi ta tafi. Ni kam ban tafa ba, ga kuwa dalilina.

Ɗauki alli ka zana hatimi mai gida tara, ka zuba lambobi daga 1 zuwa 9, yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Jimlar nan 15 ce, ko ka so ko ka ƙi, domin lambobin duka 45 ne, aka raba wa layi uku. Gidan tsakiya kuwa na 5 ne. Na taɓa raba dare ina neman cusa 4 a wurin, har kananzir ya ƙare, bai shiga ba. To, in mu muka ƙago abin, yaya aka yi ya gagare mu? Dokar dara, dattawa biyu a gindin bishiya sun isa su sauya ta kafin la'asar.

Sinawa sun san hatimin nan tun da daɗewa. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi littafi a kan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, shi ma 5 ɗin ya tarar zaune a tsakiya. Ba shawara suka yi ba.

Na yarda suna da alama ƙirƙira ne. Kakanninmu gomiya biyu suke cewa kafin mu ari ashirin daga Larabci. Amma sauya suna bai ƙara wuri ko ɗaya a cikin wanda aka ƙirga ba.

A 1846 Le Verrier, wani Bafaranse, ya lasafta a takarda inda duniyar Naftun take, alhali bai taɓa ganinta ba. Aka saita madubin hangen nesa a Balin, sai ga ta dab da inda ya ce. Tatsuniya ba ta yin haka.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙannenmu da ke jin irin wannan magana, su ce ashe kayan Bature ne, su yar da littafi. Don haka, ɗan'uwa, taron gaba ka zo da allinka, ka sa mana 4 a tsakiya mu gani.