Harjit Sajjan: Sojan da Aka Ba Amanar Tsare Sojoji

Ranar 4 ga Nuwamba 2015, sa'ad da Firayim Minista Justin Trudeau ya bayyana majalisar ministocinsa ta farko, hoton da ya fi yawo a Kanada shi ne na sabon Ministan Tsaro, Harjit Sajjan, sanye da kakin soja da rawani da baƙin tabarau, a fagen daga a Afganistan. Jama'a suka yi murna, suna cewa yau dai an ba wanda ya san warin albarushi ragamar ma'aikatar. Ra'ayina shi ne, abin da aka yi murna da shi a ranar, shi ne ya zame masa tarnaƙi daga baya.

Sai dai kafin a kai ga nan, adalci ne a faɗi wane ne mutumin, domin tarihinsa abin a jinjina ne. An haife shi a 1970 a wani ƙauye a gundumar Hoshiarpur ta jihar Punjab a Indiya, cikin mabiya addinin Sikh. Yana ɗan shekara biyar aka kai shi Kanada a 1976, inda mahaifinsa ke aiki a masana'antar yanka katako, mahaifiyarsa kuma tana ƙwadagon tsinkar 'ya'yan itace a gonaki. A kudancin birnin Vancouver ya tashi. A 1989 ya shiga rundunar sojojin ajiya, wato waɗanda ke riƙe da sana'arsu ta farar hula, sai buƙata ta taso a kira su. Tasa sana'ar ita ce aikin ɗan sanda: shekara 11 ya yi a rundunar 'yan sandan Vancouver, har ya zama ɗan sandan ciki mai bin diddigin gungun 'yan daba da dillalan ƙwaya. Addininsa ya hana shi aske gemu, takunkumin kariya daga iskar guba kuwa ba ya zama daram a fuska mai gemu, don haka ya zauna ya ƙirƙiro nasa.

Sau ɗaya aka tura shi Bosniya, sau uku Afganistan. A Kandahar a 2006 ne sunansa ya fito. Ya kai idon ɗan sanda wurin da ake kallon komai da idon soja. Inda wasu suka ga mayaƙan Taliban kawai, shi ya riƙa zama da dattawa da masu faɗa a ji, yana tambayar wa ke cin moriyar cinikin ƙwaya, wa aka ƙwace wa gona, wane jami'in gwamnati ne zaluncinsa ke tura matasa daji. Kwamandan dakarun a lokacin, Birgediya Janar David Fraser, ya rubuta wa shugaban 'yan sandan Vancouver takarda yana yabon bayanan sirrin da ya tattaro. A 2011 ya zama ɗan Sikh na farko da ya shugabanci rajimanti ta sojan Kanada, yana riƙe da muƙamin Laftanar Kanar.

A lura da muƙamin nan. Laftanar Kanar ne na sojojin ajiya, aka wayi gari ya zama ubangidan janar-janar ɗin da jiya yake ƙame musu. A takarda babu matsala, tunda minista farar hula ne kuma ikonsa daga majalisa yake fitowa. A zuciya kuwa, wanda ya shafe fiye da shekara 25 yana koyon yi wa na gaba biyayya da rufa wa abokin fama asiri, rantsuwar kama aiki ta minti biyu ba ta goge masa wannan tarbiyya.

Tuntuɓen farko ƙarami ne, amma ya nuna inda zuciyarsa take. A Afrilun 2017, cikin wani jawabi a birnin Delhi, ya bayyana kansa a matsayin wanda ya zana tsarin farmakin Medusa, babban gumurzun da sojojin Kanada suka jagoranta a yankin Panjwai a Satumbar 2006. Waɗanda suka halarci yaƙin sun san ya taka rawa, sun kuma san aikin na mutane da yawa ne a ƙarƙashin Fraser. Ya janye maganar, ya ba da haƙuri a gaban majalisa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mutum yana kan kujerar da ta fi ta kowane janar, amma har yanzu girmar da yake nema ita ce ta barikin soja. Kanada ta rasa sojoji 158 a Afganistan, saboda haka ƙarin gishiri a labarin wannan yaƙi ba ya wucewa salin-alin a can.

Na biyu shi ne mai nauyi. A watan Maris 2018, Gary Walbourne, jami'in da ke karɓar koke-koken sojoji, ya same shi da wani ƙorafi na rashin ɗa'a da wata mace ta yi a kan Janar Jonathan Vance, Babban Hafsan Tsaron ƙasar, wanda shi ma tsohon kwamanda ne a Kandahar. Bisa shaidar da Walbourne ya bayar a gaban kwamitin majalisa a 2021, da ya yi yunƙurin nuna masa hujjar, ministan ya ƙi dubawa. Sajjan ya kare kansa da cewa bai dace ɗan siyasa ya tsoma hannu a bincike ba, kuma ya sa an miƙa maganar ga manyan ma'aikatan gwamnati da ke ofishin majalisar zartarwa. Su kuma ba su samu cikakken bayani ba, domin mai ƙorafin ta nemi a sakaya sunanta. Magana ta mutu a nan. Vance ya ci gaba da zama a kujerarsa har Janairun 2021, kuma sai da 'yan jarida suka tono batun makonni kaɗan bayan saukarsa aka fara bincike na gaske. A 2022 ya amsa laifin yi wa shari'a zagon ƙasa a wata tuhuma da ta biyo bayan binciken.

Hujjar Sajjan ba ta banza ba ce. Ƙasar da minista ke iya buɗe fayil ɗin bincike ya rufe yadda ya ga dama ba ƙasar kirki ba ce, kuma tsohon ɗan sanda ya fi kowa sanin yadda katsalandan ke lalata shari'a. Amma tsakanin yin bincike da kanka da tabbatar da cewa an yi shi akwai fili mai faɗi. Zai iya komawa bayan wata guda ya tambayi inda aka kwana. Zai iya neman hanyar da matar za ta yi magana ba tare da fargaba ba. Fiye da haka, tun a 2015 tsohuwar mai shari'a ta Kotun Ƙoli, Marie Deschamps, ta ba da rahoto a kan cin zarafin mata a rundunar, ta ce a kafa cibiyar karɓar ƙorafi mai zaman kanta, wadda ba ta ƙarƙashin hafsoshi. Kusan shekara shida yana minista, wannan shawara ba ta cika yadda aka bayar da ita ba. Ban ce ya rufa wa Vance asiri da gangan ba. Abin da nake cewa shi ne, ya yarda gidan zai gyara kansa, domin gidansu ne.

A Yunin 2021 majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin tsawatar masa. Bayan zaɓen wannan shekara aka mayar da shi ma'aikatar raya ƙasashe masu tasowa, aka ba Anita Anand tsaro. Malamar shari'a ce daga Jami'ar Toronto, ba ta taɓa sa kaki ba. Cikin kwanaki kaɗan da kama aiki ta amince da shawarar wata tsohuwar mai shari'a, Louise Arbour, cewa a cire binciken laifukan cin zarafi daga hannun soja a miƙa wa hukumomin farar hula.

Sajjan ya bar abubuwan da za a tuna shi da su. A zamaninsa aka fitar da sabuwar manufar tsaro a 2017, aka kuma tura jirage masu saukar ungulu zuwa Gao a Mali a 2018, don kwashe waɗanda suka ji rauni cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2023 ya koma ma'aikatar shirin ko-ta-kwana, a shekarar da gobarar daji ta yi wa Kanada ɓarnar da ba a taɓa gani ba, aikin da a ganina ya fi dacewa da mutumin da ya saba da fagen fama. Bai sake tsayawa takara a zaɓen 2025 ba.