Masu Neman Gaskiya a Wasan Ƙarya

A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutane su kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki sunan wani jarumi, ɗaya ya zama alƙalin wasa yana ba da labari. In faɗa ya tashi sai a jefa 'yan ludo masu fuskoki da yawa, abin da ya fito shi ne hukunci. Kowane jarumi yana da maki na rai. In an sare shi a rage, in makin ya ƙare ya faɗi.

Tun daga ran nan waɗansu ke gunaguni, wai wannan ba yaƙi ba ne, lissafin 'yan makaranta ne. Yaya za a sari mutum sau tara yana tsaye garau, a na goma kuma ya faɗi matacce? Ina karayar hannu, ina ɗingishi?

Masu wannan magana ba su fahimci abin da suke zargi ba. Makin nan ba nama da jini ba ne. Gygax da kansa ya bayyana a littafinsa na 1979 cewa ya haɗa da sa'a, da gwaninta, da juriya. A dokokinsa zagaye guda na faɗa minti ɗaya ne cur, watau jifa ɗaya ta ƙunshi kai sara, da gociya, da ja da baya, da haki. Ashe sara taran nan yawancinsu ƙujewa ce da gajiya, na goma ne ya sami wuya. Mai dara in ya ci ɗan abokinsa, ai ba wanda ke tambayarsa da wane makami ya kashe shi.

To, masu son gaskiya ba su tsaya a baki ba, suka yi nasu. A 1978 RuneQuest ya fito, ya raba jikin mutum kashi bakwai, kai, ƙirji, ciki, hannuwa da ƙafafu, kowanne da makinsa da sulkensa. Wannan kam da dama-dama, gama Steve Perrin, babba cikin masu tsara shi, ya saba da wasan takobi da garkuwa a fili. Amma kwaɗayi ba ya da linzami. Rolemaster ya zo da jadawali bisa jadawali na irin raunin da kowane makami ke yi. Phoenix Command na 1986 ya ƙure, har sai an bi harsashi a takarda a ga gaɓar da ya ratsa. Faɗan da a fili ba zai wuce ƙiftawar ido ba, sai a kwashe rabin dare ana buɗe shafi, mutum huɗu na hamma suna jiran na biyar ya gama ƙidaya. Wannan ita ce gaskiyar? Abin da aka sani da yaƙi shi ne gaggawa, da ruɗewa, da faɗuwar gaba, su ne kuwa jadawali ya fara kashewa.

Abin mamaki, sojan gaske sun riga sun yanke wannan shari'a. A 1824 wani hafsa, Reisswitz, ya gabatar wa rundunar Furusiya ta ƙasar Jamus wasan yaƙi na bisa taswira, cike da dokoki da ƙididdiga, aka karɓa don horon hafsoshi. Da aka daɗe sai aka ga nauyinsa ya yi yawa, koyonsa wuya, yinsa jinkiri. A 1876 Verdy du Vernois, wanda ya ga yaƙi da idonsa, ya ba da shawara a ajiye yawancin dokokin, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci nan take. Mutanen da ransu ke rataye da abin sun zaɓi sauƙi, sai 'yan wasan nishaɗi ne za su fi su tsanani?

Akwai wuri guda da masu gunaguni ke da hujja. A Dungeons & Dragons faɗowa daga bisa tana da iyakar barnar da za ta yi, jifar ɗan ludo ɗaya a kowace ƙafa goma, ba a wuce ashirin. Saboda haka babban jarumi ya kan diro daga ƙwanƙolin dutse, ya karkaɗe riga ya wuce. Wannan wauta ce, ba musu. Amma gyaranta bai kai a rubuta sabon littafi mai shafi ɗari ba. Alƙalin wasa yana zaune a kan tebur da bakinsa, sai ya ce wa mai jarumin tun kafin ya yi tsalle, duk wanda ya diro daga nan ba zai tashi ba.