Jitar Lantarki da Makaɗin da Situdiyo Ya Kora

Duk wanda ya halarci biki a Kunci ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san sautin: janareta na ruri, lasifika na amo, waƙa ta bi waƙa, kuma da ƙyar kunne ke rabe wannan da waccan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ke danna kalangu, sarewa da jita daga maɓallan na'ura guda. Abin da ake kira jita a yawancin waƙoƙin nanaye kwaikwayon murya ne kawai, babu yatsan da ya taɓa tsirkiya.

Idan aka ce a kawo mai jitar lantarki na gaske, sai a ji wai kayan Turawa ne. Fiyanon kuma na Japanawa fa? Hujjar ta fi rauni idan aka tuna cewa waƙar Hausa ta daɗe da ware wa tsirkiya fili. Ɗan Maraya Jos, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, yakan yi shiru ya bar kiɗan ya ƙarasa zancen. Haka Haruna Uji da gurminsa, haka Hassan Wayam da kukumarsa. Wannan gurbi, inda mawaƙi ke numfasawa tsirkiya ta amsa masa, shi ne ainihin inda jita za ta zauna. Aikinta iri biyu ne: ta bi kalangu a ƙasa da gajeren salo mai maimaituwa, sannan bayan amshi ta fito ita kaɗai ta juya karin waƙar, ta ja sauti ta lanƙwasa shi, abin da maɓalli ba ya yi da rai. Amma sai an gina waƙar da ita tun daga farko. Jitar da aka liƙa bayan an gama naɗi takan tsaya kamar baƙo a bakin zaure.

Abin takaicin shi ne maƙwabta sun nuna hanyar, kuma da kayanmu. A 2008 Mdou Moctar, Buzu daga Jamhuriyar Nijar da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, da salon muryar na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. Zuwa 2021, da Afrique Victime, yana cika dandali a Amurka da Turai. Bombino na Agadas kuwa faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy.

Masu situdiyo za su ce kuɗi ne: mai fiyano ɗaya ya fi ƙungiya araha, ga wutar da ba ta tsayawa. Gaskiya ne, sai dai arahar tana da farashi. Yaron Kunci da yatsunsa suka iya gurmi ba shi da ƙofar shiga situdiyo, don haka ba shi da dalilin ci gaba da koyo, balle ya ɗauki jita.